Mu Leƙa Fadamar Haɗejiya, Inda Ake Haƙa Rijiya Kafin Azahar

 A wannan mako ba zancen girki ko ɗinki za mu yi ba, tafiya za mu yi. Ga dalili. Mata da yawa a cikinmu suna da gona, wata ta gado, wata gayauna ce da mai gida ya yanka mata. Yanzu kuwa da zarar mace ta ɗauki adashi, ko ta sayar da awakinta, sai ka ji dangi suna cewa, ai ki haƙa rijiya a gonar nan a yi noman rani. Shawara ce mai kyau. Amma fa kuɗin da aka zuba a rami, in ramin bai ba da ruwa ba, sun tafi ke nan, babu mai tono miki su. Saboda haka na ga ya kamata mu je inda aka ƙware da wannan aiki, mu gani da idonmu, tun da gani ya kori ji. To, 'yar'uwa, ɗauki mayafinki, Haɗejiya muka nufa.

HANYA

Daga Kano zuwa Haɗejiya ya ɗara mil 100, gabas maso arewa. Lokacin da ya fi kyau a je shi ne tsakiyar hunturu, watau Disamba ko Janairu. Da kin bar Gezawa a baya, sai ƙasa ta buɗe. An girbe gero da dawa, an ɗaure kara, gonaki sun yi fayau. Kuka ta kaɗe ganyenta, gawo ne kaɗai ya yi kore shar, don shi da rani yake tofo. Ko'ina ƙura, ko'ina rairayi. Irin wannan tudun rairayi shi ake kira jigawa, daga nan ne kuma jihar da aka yanka daga Kano a 1991 ta samo sunanta. In kin wuce Gujungu, mai babbar kasuwar nan, goruba za ta fara yawa. Can arewa da ke akwai hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Kano ta bi ta Malam Madori, ta isa Nguru a 1930.

Kina cikin wannan fari da ƙura, har kin fara gyangyaɗi, sai hanya ta ɗan gangara. Kai, abin sai wanda ya gani! Kamar an shimfiɗa koren bargo iyakar ganinki. Ga alkama, ga shinkafar rani, ga albasa, ga tumatir da tattasai da attaruhu, ga kankana kwance kamar tulunan da aka kifa. Rabon ƙasar da ruwan sama wata uku ke nan, amma ruwa na gudu a ƙananan magudanai, daga wannan fangali zuwa wancan. Wannan ita ce fadamar kogin Haɗejiya, wadda ta miƙe daga ƙasar Ringim ta bi ta Auyo, ta wuce Haɗejiya zuwa Kirikasamma da Guri, har Nguru.

Wasu gonakin daga kogi suke sha, wasu kuma, wajen Auyo, daga magudanan da gwamnati ta gina. Amma ki lura da waɗanda suka yi nesa da kogi. Ba za ki ga bakin rijiya ba, ba guga, ba igiya. Abin da za ki gani kawai ɗan bututun roba ne ya leƙo daga ƙasa, bai fi kaurin damtsenki ba, an haɗa shi da ƙaramin inji, mesa tana aman ruwa. Wannan ɗan bututu shi ne rijiyar, shi muka zo gani.

ME YA SA RUWA YAKE KUSA?

A birnin Kano da yammacinsa, in aka yi haƙa ba a daɗewa sai a ci karo da dutse. Ruwan da ke can yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutse da cikin tsagoginsa. Shi ya sa mai son burtsatse a can sai ya kira masu awon ƙasa da na'urarsu su nemo inda tsagar take, sa'an nan babbar mota ta zo ta fasa dutsen. Kuɗi ne masu yawa, kuma wani lokaci a gama a tarar ba ruwa.

Nan ba haka ba ne. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, su zama kogin Haɗejiya. Kaɗan bayan Wudil sai dutsen ya nutse can ƙasa, yashi da laka da tsakuwa suka rufe shi, waɗanda ruwa ya yi ta jibgewa shekaru aru-aru a kwarin Tafkin Chadi. Yashi kuwa kin san halinsa, yana shan ruwa ya riƙe kamar soso. Kowace damina kogi yakan cika ya malala a fadama, ruwan ya kwanta makonni, ya yi ta tsiyaya cikin yashin. Da rani sama ta bushe, amma ƙasa tana nan da ajiyarta. Ki riƙe wannan magana, za mu komo kanta: rijiya ba ta ƙirƙirar ruwa, ajiyar kogi take buɗewa.

DAGA JIGO ZUWA INJI

Iyayenmu sun san da wannan ajiya. Da jigo suke ɗebo ta. A kafa itace biyu, a gitta doguwar sanda, a ɗaura curin laka a gindinta, a rataya guga a kanta. Mutum ya wuni yana sunkuyawa yana miƙewa, bayansa kamar ya karye, abin da zai shayar bai wuce ɗan lambu ba. Rijiyar kuma da hannu ake gina ta, kuma a ƙasar yashi ba wuya ta rufta.

Bayan farin 1973 da na 1984, sai aka gane dogara da damina kaɗai ya zama kasada. A shekarun 1980 hukumomin raya aikin gona na jihohi, irin su KNARDA ta Kano, wadda a lokacin har Haɗejiya take aiki, suka yaɗa ƙananan injunan fetur da rijiyar bututu. A 1992 Bankin Duniya ya amince da rance don shirin Fadama na ƙasa, wanda aka tsara zai kafa irin waɗannan rijiyoyi 50,000. An gama kashin farko a 1999, na biyu da na uku suka biyo baya. Amma babbar riba ita ce samarin ƙauye sun koyi aikin, ya zama sana'arsu. Manomi ba ya jiran hukuma, masu haƙa yake kira. Inda jigo ke shayar da ɗan lambu, inji ɗaya mai bakin inci 2 ko 3 yana iya ɗaukar kadada guda, ko ma fiye.

YADDA AKE HAƘAWA

Mu tsaya a bakin gona mu ga yadda ake yi. Masu haƙa ba su fi uku ko huɗu ba, kayansu duka amalanke ɗaya ya ɗauke: bututu, mesa, inji, zarto, raga. Da sassafe sukan fara tona ɗan rami kusa da inda za a yi rijiyar, su cika shi da ruwan da suka jawo daga tafki ko rijiyar maƙwabci. Ashe gaskiyar Hausawa, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sai su tsayar da bututu a miƙe, su haɗa kansa da mesa, su tayar da inji. Injin ya tura ruwa da ƙarfi ta cikin bututun, ruwan ya fita ta ƙasa ya wanke yashin da ke gabansa, ya taso da shi sama ta gefe. Samari suna ɗaga bututun suna saki, suna murɗawa, shi kuwa yana ta nutsewa kamar muciya a cikin talge. Ruwan da ya taso ya koma ramin nan, yashi ya kwanta, inji ya sāke ɗaukarsa.

Yanzu ki bar kallon samarin, ki dubi babbansu. Yana tsugune a bakin ramin, yana tara hannu yana murza abin da ya fito. Da fari baƙar laka, sa'an nan rairayi mai laushi kamar gari, sa'an nan yashi mai kaushi haɗe da 'yan tsakuwa. Wannan na ƙarshe shi ake nema, don shi ne ke sakin ruwa da sauri. Rairayi mai laushi yana da ruwa, amma rowa gare shi, ga toshe rijiya. In an shiga yashi mai kaushi sosai, sai a zura bututun roba wanda aka tsattsaga gindinsa da zarto, aka naɗe wurin da raga, aka toshe ƙarshensa. A zuba yashi mai kaushi a kewayensa, a danƙare sama da laka don kada ƙazantar bisa ta bi gefe ta gangara. Daga nan a ɗaura inji a yi ta ja. Ruwa ya fito ja, ya koma fari-fari kamar tsarin gasara, har ya washe garau. Yawanci zurfin bai wuce ƙafa 20 zuwa 40 ba, kuma in ƙasa ta yi daɗi, kafin azahar an gama.

In aka tarar da laka mai kauri da tauri wadda ruwa ba ya iya wankewa, to, sai a kawo ƙarfe mai murɗawa ko ƙaramin injin haƙa, a sa bututu mai fāɗi. Wannan ya fi tsada, amma bai kama ƙafar burtsatse ba.

IYAKAR INJI

Ga abin da masu sayar da inji ba su cika faɗa ba. Injin da ke zaune a bisa ƙasa zuƙo ruwa yake yi, kuma kome ƙarfinsa ba ya iya zuƙowa daga nisan da ya wuce kimanin ƙafa 25. Ba laifin maƙeri ba ne. Nauyin iskar da ke kanmu ne ke danna ruwan ya hau bututu, nauyin nan kuwa yana da iyaka. Kuma ba tsawon bututu ake aunawa ba, a'a, tazarar da ke tsakanin injin da fuskar ruwan.

To, fuskar ruwan nan ba a wuri ɗaya take tsayawa ba. A Nuwamba, bayan janyewar ambaliya, tana kusa. Kowa ya ɗaura inji yana ja, rana tana ƙara zafi, sai ta yi ta sauka. Kafin Maris ko Afrilu, daidai lokacin da shinkafar rani da tumatir suka fi bukatar sha, sai ki ji inji yana tari yana aman iska. Shi ya sa in kin zaga fadama za ki ga wasu injuna a cikin rami, manomi ya tona ya saukar da su don su matso kusa da ruwan. Wanda ya haƙa rijiyarsa a farkon rani, ya ga ruwa ya yi murna ya tsaya a nan, shi ne ke kwana da zullumi a bazara, ga taki ya zuba, ga bashi a wuya.

MAI AJIYAR

Mu komo kan maganar da na ce ki riƙe. A 1974 aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano, a 1992 aka gama ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. Sun amfani jama'a ƙwarai, birnin Kano yana sha, gonakin Kadawa da Kura suna sha. Amma sun sāke halin kogin. Fāɗin ƙasar da ambaliya ke rufewa kowace shekara ya ragu, ga shi kuma ambaliyar ce ke cika ajiyar ƙasa. Har wa yau, da yake an koma sakin ruwa rani da damina, sai ciyawar nan kacalla ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ruwa ya yi masa yawa, wani ya rasa. Tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa kuma suka sami maɓoya a cikinta. A shekarar da ruwan sama ya yi yawa, kamar 2022, sai kogin ya ɓalle ya ci gidaje da gonaki a ƙasar Ringim da Auyo da kewayen Haɗejiya.

Kin ga ke nan, matar da ke da rijiya a Guri, ruwanta yana da alaƙa da ƙofar da ake buɗewa a Tiga, wurin da watakila ba ta taɓa gani ba. Kuma ba manoma kaɗai ke da rabo a ciki ba. Masunta suna ci, Fulani suna shayar da shanu, har tsuntsayen da ke tasowa daga Turai suna yin hunturu a nan, abin da ya sa a 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin da duniya ta ɗauki alkawarin kiyayewa.

Akwai darasi a maƙwabta. A shekarun 1950 da 1960 an haƙa burtsatse masu zurfi a Barno, ruwa yana tunkuɗo kansa sama ba inji. Da yawa aka bar su suna kwarara dare da rana. Da tafiya ta yi tafiya ƙarfin ya ragu, wasu suka daina fitowa da kansu. In kin ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta, ai kin san sauran.

Wannan darasi ya ƙara nauyi yanzu. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta taɓa 1,000. Wasu manoma suka juya injunansu zuwa gas, wasu suka sayi masu aiki da hasken rana. Na rana yana da tsada wajen saye, amma bayan nan ba a sayen mai. Sai dai fa a da tsadar fetur ce ke sa mutum ya kashe inji da zarar gona ta ƙoshi. In rana ce ke biya, wa zai tuna ya kashe? Sai mai hankali.

TO, KE FA?

Kada ki ce wannan aikin maza ne. A garuruwan fadama mata ne ke turara shinkafa, su ne ke yanka tumatir su shanya kauɗa, kuma sau da yawa kuɗin rijiya da inji daga ɗakin mace suka fito. Ko ba ki fita gona, kina da bakin tambaya, matambayi kuwa ba ya ɓata. Kafin ki kwance bakin zanenki, ga abin da za ki sa a binciko miki.

Na farko, gonar taki fadama ce ko tudu? In tudu ce, ko ƙasar dutse, rijiyar bututu ba za ta yi ba. Kada ganin na Haɗejiya ya ruɗe ki.

Na biyu, a tambayi maƙwabtan gonar, ba a kan ruwan Nuwamba ba, a kan ruwan Afrilu. Ƙafa nawa yake sauka? Rijiyar wa ta taɓa ƙafewa? In da hali ma, a yi haƙar a ƙarshen rani, don ruwan da aka samu a lokacin shi ne na gaskiya.

Na uku, a yi ciniki da mai haƙa a gaban shaidu, a kan ruwa, ba a kan rami ba. A ba shi kafin alƙalami, sauran sai inji ya yi sa'o'i yana ja ruwa bai yanke ba, kuma ya washe. Ruwa mai yashi yana cinye cikin inji. Ki aiki ɗanki ko ƙanenki ya tsaya a wurin, ya ga yashin da aka tsaya a kansa, ya ƙirga bututun da aka zura. Kada a sayi bututu mara kauri don sauƙi, araha ba ta ado.

Na huɗu, a ɗanɗana ruwan. In yana da gishiri-gishiri ko kanwa, zai bar farin ɓawo a gona, ƙasa ta mutu a hankali.

Na biyar, wannan ruwa na gona ne. Yana kusa da sama, taki da maganin feshi suna iya kai masa. In dole yara su sha a gona, a tafasa, amma ki sani tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta fitar da maganin feshi. Gara a tafi musu da na gida a gora. Rijiya kuma ta yi nesa da masai da turken dabbobi, aƙalla ƙafa 100, kuma kada a wanke tulun feshi a bakinta.

Na shida, in rani ya ƙare a toshe bakin bututu da kyau, a kafa alama, don kada ambaliya ta cika shi da laka.

Na bakwai, in rijiyar da kuɗinki aka yi ta, ko a gonarki ta gado take, to, a faɗa a gaban manya tun yau, a rubuta. Zumunci ya fi daɗewa in kowa ya san nasa. In kuwa kuɗinki ba su isa ba, ku haɗu ku uku ko huɗu masu gonaki kusa da juna, rijiya kowa da tata, inji ɗaya a riƙa zagayawa da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sa'an nan ki ja kunnen masu yi miki aiki kada su shuka a kan burtali, kada su tare mashaya. Tun kafin a san inji, fadama ce makiyayar shanu da rani. Rigingimu da yawa tsakanin manoma da makiyaya daga nan suka taso, kuma in an yi asarar rai, mu mata ne ke zaman takaba, ta gida da ta ruga duka. Kada ya zamana rijiya ta bayar guga ya hana.

Kafin mu juyo, mu biya kasuwar Haɗejiya ki sayi bandar kifi da kauɗa ki kai tsaraba, don garin ya yi suna a kan kifi. Duk wadda ta taɓa haƙa rijiya a gonarta, ta rubuto mana yadda ta kaya, zurfinta da irin ƙasar, don 'yan'uwa su ƙaru. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen shanya tumatir yadda ƙura da ƙuda ba za su ɓata shi ba.